Tsakanin Azahar da La'asar: Yadda Jikin Ɓera Yake Tsara Lokacin Sakin Ƙwai

Kowane makiyayi ya san cewa ba kullum saniya take yarda da sa ba. Idan ba ta da ciki, takan nemi barbara ne sau ɗaya cikin kwana 21 ko kusa da haka, tunkiya kuwa cikin kwana 17. Macen ɓera ta fi su gaggawa nesa ba kusa ba, domin duk bayan kwana huɗu ko biyar sai ta saki ƙwai, kimanin goma zuwa goma sha huɗu a lokaci guda. Wannan gajeren zagaye shi ya sa masana suka mai da farin ɓera, wanda ake kiwo a ɗakunan gwaje-gwaje, tamkar allon karatu. Abin da mai nazarin saniya zai jira wata guda kafin ya gani, mai nazarin ɓera zai gan shi sau shida a cikin watan.

Tambayar da za mu bi diddigi a wannan maƙala ita ce: me yake sanar da jikin ɓera cewa lokacin sakin ƙwai ya yi? Mai karatu zai iya cewa ai ƙwan ne yake nuna, kamar yadda ɗan itace yake nuna ya faɗo. Wannan rabin amsa ne kawai. Sauran rabin yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma yana da alaƙa da fitowar rana da faɗuwarta.

Kwanakin zagaye

Kafin a yi nazarin zagayen, dole a san a wane mataki dabbar take ba tare da an yanka ta ba. A shekarar 1917 Charles Stockard da George Papanicolaou, na Jami'ar Cornell a Amurka, suka gano cewa idan aka lakato ɗan danshi daga farjin dabba aka shafa a gilashi aka duba da madubin likita, kamannin ƙwayoyin halittar da ke ciki suna sauyawa bisa matakin da take. A kan ɓeran Masar suka yi nasu aikin. A 1922 kuma Joseph Long da Herbert Evans na Jami'ar Kalifoniya suka yi cikakken bayanin abin a kan farin ɓera. Wannan dabara ta shafa a gilashi ita ce Papanicolaou ya faɗaɗa daga baya, har ta zama gwajin da ake yi wa mata a asibiti don gano sankarar bakin mahaifa tun ba ta yi nisa ba.

Za mu kira rana ta farko jajibiri, domin ita ce ranar shiri. A ranar, gilashin yakan cika da ƙwayoyin halitta kewayayyu, kowace da cibiyarta a fili. Da daddare macen takan karɓi namiji, kashegari kuma, wato ranar barbara, sai a ga ƙwayoyin sun bushe sun baje kamar dusa, ba cibiya. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su fara shigowa, har su mamaye gilashin a lokacin hutu, wanda ya fi sauran tsawo, yakan kai kwana biyu ko uku. Ko ba madubi ma ana iya gane wani abu: tun 1923 George Wang ya lura cewa macen ɓera da aka sa wa keken gudu a cikin keji takan ninka gudunta a daren da take neman namiji, duk bayan kwana huɗu.

Masu aike da 'yan aike

Duk waɗannan sauye-sauye aikin wasu sinadarai ne da ake kira homon. Homon ɗan aike ne: wani sashe na jiki yake tsatso shi, ya zuba cikin jini, jini ya kai shi wani sashen can daban inda za a karɓi saƙon. Ba kowace ƙwayar halitta take jin saƙon ba, sai wadda take da makarɓin da ya dace da shi, kamar kwaɗo da mabuɗinsa.

Sassa uku ne suke musayar wannan aike. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani yanki mai suna haifotalamas, inda wasu ƙwayoyin jijiya suke fitar da homon da ake taƙaita sunansa da GnRH. Ba su da yawa. A ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓeran gida ba su wuce kimanin 800 ba. Wani abin mamaki game da su shi ne, a hanci ake halittarsu tun ɗan tayi yana ciki, sa'an nan su yi ƙaura zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda aka tabbatar a 1989. Ƙarƙashin wannan yanki akwai wani ɗan ƙullin nama da ke reto, sunansa fituwitari. Idan GnRH ya iso masa ta wasu 'yan siraran hanyoyin jini, sai shi kuma ya saki nasa homon guda biyu, FSH da LH, su nufi ma'ajin ƙwai da ke cikin ciki. A can kowane ƙwai yana kwance cikin 'yar jakarsa. FSH yake sa jakunkunan su girma, su kuma yayin da suke girma sai su riƙa fitar da istirojin, homon da yake kumbura mahaifa, yake kuma busar da ƙwayoyin nan da muka gani a gilashi.

Ba a rana ɗaya aka gano wannan silsila ba. Edgar Allen da Edward Doisy sun nuna a 1923 cewa ruwan jakar ƙwan alade yana mai da macen ɓera da aka cire wa ma'ajin ƙwai cikin yanayin barbara. Philip Smith ya ƙware wajen cire fituwitarin ɓera a shekarun 1920, ya ga ma'ajin ƙwai ya motse, zagaye ya tsaya cik. Shi kuwa GnRH ya ba masana wuya ƙwarai saboda ƙarancinsa. Sai a 1971 ƙungiyar Andrew Schally ta gano tsarinsa, bayan ta tace ƙwaƙwalen aladu fiye da dubu ɗari. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa shi da Roger Guillemin suka sami kyautar Nobel a 1977.

To, aiken ba daga sama zuwa ƙasa kaɗai yake tafiya ba. Istirojin yana komawa ƙwaƙwalwa ta cikin jini, kuma a yawancin kwanakin zagaye aikinsa shi ne ya ja wa GnRH linzami. Saboda haka GnRH ba ya kwarara, ɗiga yake yi lokaci-lokaci, kamar sau ɗaya a awa, LH ma ya biyo shi kaɗan-kaɗan. Idan aka cire ma'ajin ƙwai, linzami ya tsinke ke nan, sai LH ya hau ya zauna a sama. Amma a ranar jajibiri sai al'amarin ya juye. Jakunkuna sun cika, istirojin ya kai ƙololuwa ya kuma daɗe a can, sai wannan homon da yake hanawa jiya ya koma mai zugawa yau. GnRH ya ɓarke, fituwitari ya juye LH cikin jini ninki-ba-ninki a cikin 'yan awoyi. Wannan ambaliya ta LH ita ce take fasa jakunkuna, ƙwai ya fita.

Allurar ƙarfe biyu

Da a ce yawan istirojin kaɗai ne yake kawo ambaliyar, da sai ta zo a kowane lokaci, yau da hantsi, wani zagayen da tsakar dare. Ba haka abin yake ba, kuma gwajin da ya nuna haka yana cikin mafi kyawun gwaje-gwajen wannan fanni, ga shi kuwa da allura da agogo kawai aka yi shi.

John Everett da Charles Sawyer na Jami'ar Duke suna kiwon ɓerayensu a ɗakin da ake kunna fitila ƙarfe biyar na asuba, a kashe ƙarfe bakwai na yamma. A aikin da suka wallafa a 1950, sun yi wa matan ɓera allurar maganin barci mai suna Nembutal a ranar jajibiri. Wadda aka yi wa da ƙarfe biyu na rana ba ta saki ƙwai a daren ba. Wadda aka jinkirta wa har ƙarfe huɗu kuwa ta saki nata kamar ba a yi mata kome ba. Ashe tsakanin azahar da la'asar ne ƙwaƙwalwa take ba da umurni. In an sa ta barci kafin lokacin, umurni bai fita ba, in kuwa an bari lokacin ya wuce, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da ya biyo baya. Maganin barcin yakan sake ta bayan 'yan awoyi, ɓera ta farka ta ci abinci, jakunkunanta a cike, istirojin yana nan. Mutum zai zaci da farkawarta ambaliyar za ta zo. Ina! Sai jiki ya jira har azahar ta gobe, ƙwai ya fita da jinkirin awa 24 daidai. Idan aka sake yi mata allurar kashegari da ƙarfe biyu, sai a ƙara wata awa 24. Ma'ana, ƙofar tana buɗewa ne sau ɗaya a yini, wanda ya makara kuma sai gobe.

Shekaru 25 bayan haka, Sandra Legan da Fred Karsch na Jami'ar Michigan suka zo wa maganar ta ɗaya gefen. Sun cire wa matan ɓera ma'ajin ƙwai, suka dasa musu wani ɗan bututu a ƙarƙashin fata mai sakin istirojin ba yankewa. Sai ga ambaliyar LH tana zuwa kowace yamma, yau da gobe da jibi. Wato ƙwaƙwalwa kullum tana buga ƙararrawarta a kan lokaci, amma ba a amsa mata sai ranar da istirojin ya isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ma'ajin ƙwai ne yake zaɓen rana, ƙwaƙwalwa take zaɓen sa'a.

Agogon kansa an san inda yake. Wasu 'yan dunƙulen ƙwayoyin jijiya ne guda biyu a cikin haifotalamas, daidai bisa wurin da jijiyoyin idanu suka gitta juna, kuma hasken da ido yake gani shi yake saita su kowace rana. Idan aka lalata wannan wuri, ambaliya ba ta ƙara zuwa. Haka nan idan aka bar macen ɓera cikin hasken fitila dare da rana na 'yan makonni, agogon yakan rikice, jakunkuna su cika su ƙi fashewa, gilashi ya yi ta nuna ranar barbara ba sauyi. Malamin da yake son kiwon ɓeraye a makaranta don darasin halitta sai ya kula da wannan: kada a bar fitilar ɗakin a kunne kwana da kwanaki.

Me ya sa da la'asar? Ɓera dabbar dare ce. Ambaliya ta zo da yamma, macen ta fara karɓar namiji bayan magariba, ƙwai kuma ya fita bayan tsakar dare, kimanin awa 10 zuwa 12 bayan ambaliyar, ya tarar maniyyi ya riga ya iso yana jira. Akwai shaida mai kyau daga wani ɓeran ciyawa da ake samu a faɗin yankin Sahel, har da ƙasar Hausa, wanda masana suke kira Arvicanthis niloticus. Shi da rana yake yawonsa, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Jihar Michigan ya nuna cewa ambaliyar macensa da sassafe take zuwa.

Tsanin da ya ɓace

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Ƙwayoyin da suke fitar da GnRH ba su da babban makarɓin istirojin, wanda ta kansa ne hanawar da zugawar suke bi. To, yaya suke jin saƙon? Kuma yaya homon guda zai zama linzami yau, gobe ya zama bulala?

Amsar ta ɓullo a 2003, lokacin da ƙungiyoyi biyu na masu bincike, ɗaya a Faransa, ɗaya a Amurka da Ingila, suka gano cewa wasu mutanen da ba su balaga ba sam suna da tangarɗa a makarɓin wani sinadari mai suna kisfeftin. Ɓerayen da aka lalata wa wannan makarɓi su ma ba su balaga ba. Da aka bi sawu sai aka tarar ƙwayoyin da suke yin kisfeftin su ne masu jin istirojin, su kuma suke tunzura ƙwayoyin GnRH. A ƙwaƙwalwar ɓera rukuni biyu ne. Na bayan haifotalamas shi yake buga ɗigon nan na awa-awa, istirojin kuma danne shi yake yi. Na gaba, istirojin ƙarfafa shi yake yi, kuma yana karɓar saƙo daga agogo. A wannan rukuni na gaba ne rana da sa'a suke haɗuwa. Ashe homon bai sauya hali ba. Masu sauraronsa ne biyu, kowa da yadda yake amsawa.

Wannan rukuni na gaba ya fi yawa ƙwarai a mace, namiji kaɗan gare shi, kuma shi ya sa ko an ba namijin ɓera istirojin ba ya yin ambaliya. Bambancin ba a fituwitari yake ba. Geoffrey Harris da Dora Jacobsohn sun nuna a 1952 cewa fituwitarin namiji, in aka dasa shi a gindin ƙwaƙwalwar mace, yana tafiyar da zagayenta lafiya lau. A kwanakin farko bayan haihuwa ne ake raba hanya. Charles Barraclough ya nuna a 1961 cewa allura ɗaya ta homon maza, wato testostaron, ga jaririyar ɓera 'yar kwana biyar ta isa ta hana ta sakin ƙwai har iyakar rayuwarta.

Fashewar jaka da abin da ke bayanta

Da isar LH ma'ajin ƙwai, ƙwan da ya daɗe a tsaye tun dabbar tana jaririya sai ya ci gaba da rabuwar da za ta shirya shi haɗuwa da maniyyi. Jakar ta kumbura, jini ya ƙaru a bangonta, wasu sinadarai masu narkar da nama su sassaƙe wuri guda har ya ɓule. Abin ya yi kama da yadda maruru yake nuna ya fashe, kuma kamar ba a ido kaɗai take ba, domin sinadaran kumburi da ake kira furostagilandin suna da hannu a ciki. Maganin kumburi irin su indometasin yana iya hana ƙwan ɓera fita.

A wannan yammacin kuma wani homon, furojestaron, yakan tashi. Da farko yana ƙara wa ambaliyar ƙarfi, yana kuma haɗuwa da istirojin ya sa macen ta lanƙwasa baya ta tsaya wa namiji. Daga baya shi ne yake rufe ƙofa don kada ambaliyar ta sake zuwa gobe. Kafin gari ya waye FSH ya sake hawa, ya ɗebo sababbin jakunkunan da za su yi zagaye na gaba.

Jakar da ta fashe takan zama wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa, wanda aikinsa shi ne fitar da furojestaron don shirya mahaifa. A saniya wannan ƙulli yakan yi fiye da mako biyu yana aiki ko an yi barbara ko ba a yi ba, shi ya sa zagayenta yake da tsawo. Ɓera ba ta yin wannan asarar lokaci. Idan ba a yi barbara ba, ƙullin yakan mutu cikin kwana biyu. Idan an yi, taɓa bakin mahaifa yakan aika saƙo ƙwaƙwalwa, fituwitari ya riƙa sakin homon furolaktin sau biyu a yini har kwana goma ko fiye, shi ne yake raya ƙullin. Ko da namijin da aka ɗaure wa hanyar maniyyi ne, ko ma ɗan sandan gilashi, jikin yakan ɗauka ciki ne, zagaye ya tsaya kimanin kwana 12. Ciki na gaskiya kwana 21 zuwa 23 ne, kuma cikin awa 24 da haihuwa uwar takan sake sakin ƙwai, ta iya ɗaukar wani cikin tana shayar da na farko.

Wari ma yana da ta cewa, musamman a ƙaramin ɓeran gida. Wesley Whitten ya gano a 1956 cewa warin namiji yana daidaita zagayen matan da aka tara wuri ɗaya, yawancinsu su nemi barbara a dare na uku. Hilda Bruce kuma a 1959 ta ga cewa macen da ba ta daɗe da barbara ba, in ta ji warin baƙon namiji, furolaktin ɗinta yakan faɗi, cikin ya ƙi kamawa.

Ina iyakar darasin ɓera?

GnRH da LH da FSH da kisfeftin duk suna jikin ɗan Adam, kuma ambaliyar LH ce take sakin ƙwan mace a tsakiyar wata. Amma kada ɗalibi ya ɗauki kome da kome ya ɗora wa mutum. Gwaje-gwajen Ernst Knobil a kan birai sun nuna cewa a wurinsu istirojin ya fi rinjaye, ba sa dogara da ƙararrawar yamma irin ta ɓera. Ɓera kuma ba ta haila. Mahaifarta ba ta zubar da shimfiɗarta. A dangin ɓera duka, wanda aka tabbatar yana haila shi ne wani ɓera mai ƙayayuwa a baya da ake samu a arewacin Afirka, kamar yadda masu bincike a Ostareliya suka bayyana a 2016. Wasu dabbobin kuwa, irin su kyanwa da zomon Turawa da taguwa, ba sa sakin ƙwai bisa zagaye. Barbarar ce da kanta take jawo ambaliyar.

Wannan ilmi yana da amfani a gona da gida. Ɓeran nan mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, wanda yake ɓarnar hatsi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, shi ne kuma babban mai ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Macensa takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya, kuma haihuwarsa tana bin damina. Guba takan kashe da yawa, amma waɗanda suka tsira, da abinci ya wadace su, sukan cike gurbin cikin 'yan watanni. Saboda haka masu bincike a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Tanzaniya suka gwada ba shi abinci mai ɗauke da homon na haɗi, dangin istirojin da furojestaron, irin waɗanda suke cikin ƙwayoyin tazarar haihuwa, suka kuma ga haihuwarsa ta ragu. A Amurka ma tun 2016 aka yi rajistar wani ruwan tarko mai suna ContraPest, wanda yake lalata ƙananan jakunkunan ƙwai, yake kuma rage maniyyin namiji. Wahalar wannan hanya ita ce dole ɓeraye masu yawa su ci maganin, su kuma riƙa ci a kai a kai tun kafin damina ta kankama, sa'an nan a tsare shi daga kaji da sauran dabbobin da suke kiwo a wuri guda da su.